Mota na shaƙewa, an sauya fulogi bai hana ba: yadda ake gano ko EGR ne

Yawancin motocin da matsalar EGR ke damu ba su zuwa gareji da wannan suna. Mai mota zai ce tana shaƙewa idan ya ɗan taɓa totur, ko tana jijjiga a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ko ta mutu masa a danja. Kafin ta iso wurin wanda zai dube ta a tsanake, an riga an sauya fulogi, an wanke nozul, wataƙila har an sayi kwayil da fil famfo, kuma ciwon yana nan yadda yake. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da zan nuna a nan shi ne hanyar da za ka bi ka tabbatar da laifin EGR ko ka wanke shi, ba tare da ka sayi ko ƙusa ɗaya ba tukuna.

EGR bawul ne da ke ɗibar kaɗan daga hayaƙin da inji ya riga ya ƙona, ya mayar da shi cikin manifol ɗin iska, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, ya gauraya da sabuwar iska da mai. Dalili shi ne zafi. Idan wutar cikin silinda ta wuce kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, iskar naitirojin da oksijin sai su haɗu su zama gubar da ake kira NOx. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ci, saboda haka yana cike gurbi ya rage zafin wutar. An fara sa shi a motocin Amurka tun farkon shekarun 1970 saboda dokar hayaƙi, shi ya sa da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas suke zuwa da shi. A injin fetur abin da ake mayarwa bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ba, a na dizal kuwa yana iya kaiwa rabi.

Ga abin da duk binciken ya rataya a kai, ka riƙe shi da kyau: a injin fetur, bawul ɗin nan yana da lokacin aiki. A rufe yake idan inji na da sanyi, a rufe yake a silo, a rufe yake idan ka take totur har ƙasa. Yana buɗewa ne kawai idan inji ya ɗau zafi kuma ana tafiya matsakaiciya da ƙafa sama-sama.

Tambayi mai mota kafin ka buɗe bonet

Tunda haka ne, tambayar farko ita ce yaushe motar ke yin abin. Kada ka yarda da amsar "kullum take yi". Ka shiga ka tuƙa ta da kanka, mai ita na gefe.

Idan tana jijjiga a silo, allurar juyin inji na hawa da sauka, ta mutu idan an taka burki an tsaya, amma da an ba ta wuta sosai sai ta warware, wannan alamar bawul ne da ya maƙale a buɗe. Hayaƙi na shiga a lokacin da inji ba shi da iskar da zai iya haɗiye shi. Sau da yawa ɗan gutsuren gawayi ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya tokare bakin bawul ɗin.

Idan kuwa silo lafiya lau, da safe ma lafiya lau, amma bayan tafiyar minti goma sai ta fara fizga da shaƙewa a tsakanin juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti, kamar ana riƙe ta ta baya ana saki, kuma da ka take totur sai abin ya ɓace, to ka faɗo daidai lokacin aikin EGR. Ko dai yana buɗewa fiye da kima, ko kuma hayaƙin ba ya rabuwa daidai tsakanin silindoji. Zan dawo kan wannan na biyun, don shi ne ya fi ɓatar da kanikawa.

Idan hayaƙin ba ya shiga sam, motar fetur ba ta cika yin mis ba, wato wuta ta kasa kamawa a silinda. Abin da za ka ji shi ne ƙara ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa ko da rana tsaka an kunna AC. Wutar silinda ce ta yi zafi tana tashi kafin lokacinta.

Akwai kuma wanda ba na EGR ba ne, kuma sanin sa zai rage maka wahala. Motar da ke mis lokacin da aka take ta sosai, a hawan gada ko wajen wuce tirela, ka nemi kwayil, fulogi, wayoyin wuta ko ƙarfin fil famfo. A wannan lokacin bawul ɗin a rufe yake, ba shi da hannu.

Sannan ka tabbatar injin yana da bawul ɗin ma tukuna. Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2006, mai inji 2AZ-FE, da Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai 1ZZ-FE, ba su da bawul ɗin EGR a waje. Tsarin VVT-i, mai sauya taimin ɗin bawulolin inji, shi ne ke yin wannan aikin daga ciki. Na taɓa ganin wanda aka karɓi kuɗinsa da sunan za a wanke masa EGR a irin wannan Corolla. Me aka wanke, Allah ne masani.

Sa mata kwamfuta, amma kada ka goge komai

Duk motar Amurka daga 1996 zuwa sama tana da soket ɗin OBD-II mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar karanta lambobin matsala. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu ma ta isa wannan aikin. Lambobin EGR suna jere ne: P0400 matsalar gudun hayaƙi gaba ɗaya, P0401 hayaƙin ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 matsalar wayar da ke sarrafa bawul, P0404 bawul bai je inda aka umarce shi ba, P0405 da P0406 kuma na sensar da ke faɗin matsayinsa ne. Na mis su ne P0300 idan yana yawo tsakanin silindoji, sai P0301 zuwa sama, inda lambar ƙarshe ke nuna silindar da ke yi.

Lambar tana faɗin abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani ne, ba ta faɗin abin da za ka saya. P0401 ba ta ce bawul ya mutu ba, cewa ta yi hayaƙi bai iso ba. Hanyar na iya toshewa, tiyo na iya tsagewa, sensa na iya yin ƙarya. A motocin Ford na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, sensar DPFE mai auna matsin hayaƙin EGR da tiyoyinta biyu su ne suka fi jawo wannan lambar, bawul ɗin kansa lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne bayanin da ƙwaƙwalwar ta adana na daidai lokacin da fitilar gargaɗin inji ta kama: juyin inji, zafin ruwa, gudun mota da nauyin da inji ke ja. Ka rubuta su a takarda. Idan P0302 ta faɗo a juyi 1,900, ruwa na digiri 90, ana gudun kilomita 60, zargin EGR ya yi ƙarfi. Idan ta faɗo ne da ruwa na digiri 30 ana tayar da mota, nemi wani wuri. Wanda ya yi saurin danna gogewa don mai mota ya ga fitila ta mutu, ya zubar da shaidarsa da hannunsa.

In injin yana da sensar MAP, mai auna matsin iska a cikin manifol, duba ta a silo. Inji mai lafiya da ya ɗau zafi yana nuna wajen kPa 25 zuwa 35. Idan ka ga 50 ko fiye kuma babu inda iska ke shiga ta tsaga, akwai yiwuwar hayaƙi ne ke kwarara ta bawul ɗin da ya kamata ya kasance a rufe.

Kafin ka ci gaba, idan mis ɗin a silinda ɗaya ne, musanya kwayil da fulogin ta da na maƙwabciyarta ka sake tuƙawa. Idan lambar ta bi kwayil ta koma sabuwar silinda, magana ta ƙare. Idan ta tsaya a inda take, ci gaba.

Gwaji biyu da ke yanke hukunci

Na farko, hana shi buɗewa. Idan bawul ɗin mai aiki da zuƙar inji ne, wato bakyum, za ka ga siririn tiyo a kansa. Zare shi ka toshe bakin tiyon da ƙaramin noti. Idan na lantarki ne, cire soket ɗinsa. Fitila za ta kama, kada ta dame ka. Fita ka tuƙa a kan hanyar da ta saba yin abin, da irin gudun da take yi. Idan shaƙewar ta ɓace, ka san hayaƙin EGR ne ke jawo ta, ko da yake ba ka san ta wace fuska ba tukuna.

Sai dai wannan gwajin ba ya kama bawul ɗin da gawayi ya tokare a buɗe, domin ko ka cire masa waya yana nan a buɗe. Wannan sai ka kwance shi, ka yanko ɗan falle na ƙarfe daidai siffar gasket ɗinsa amma babu huda, ka sa a tsakani ka ɗaure. Idan silo ya daidaita nan take, ka kama ɓarawo. Fallen na gwaji ne, ka cire shi bayan ka gama. Akwai ma hanya mafi sauƙi da safe: tayar da inji mai sanyi ka bar shi a silo minti ɗaya ko biyu, ka kai bayan hannunka kusa da bututun da ke fita daga bawul zuwa manifol. Bai kamata ya yi zafi da wuri ba. Idan ya fara ƙuna, hayaƙi na wucewa. A kula, wurin yana gasa fata.

Na biyu, tilasta masa buɗewa a silo, inji na da zafi. A mai bakyum, ka sa ɗan famfon zuƙa na hannu a bakinsa ka ja. A na lantarki, kwamfutar da ke iya ba da umarni ce za ta buɗe shi kaɗan-kaɗan. Inji mai lafiyayyen EGR zai rikice nan take, ya yi kamar zai mutu ko ya mutu ɗin. Wannan rikicewar ita ake nema. Idan allurar famfon ta ƙi tsayawa tana sauka, fatar robar cikin bawul ta yage, sai sabo. Idan allura ta tsaya, kana ma ganin sandar bawul ta ɗaga, amma inji ko gezau, to bawul ya yi aikinsa, hanyar hayaƙin ce a toshe. Sabon bawul ba zai yi maka komai ba a nan. Togaciya ɗaya: wasu tsofaffin bawuloli na General Motors ba sa riƙe bakyum sai da matsin hayaƙin salansa, saboda haka kada ka yanke musu hukunci da inji a kashe ko a silo.

Silindar da ta rage tana shan na kowa

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a fahimta. A wasu injina hayaƙin yana shiga ta huda ɗaya babba kusa da totur, ya bazu ga kowa. A wasu kuwa kowace silinda tana da ƙaramar hudarta. Honda Accord mai silinda huɗu ta 1990 zuwa 1997 irin ta biyun ce. Hudojin ba sa toshewa rana ɗaya. Ɗaya ta cushe, sannan ta biyu, sannan ta uku. Ƙwaƙwalwar mota ba ta san haka ba, tana buɗe bawul yadda ta saba, sai hayaƙin da aka auna wa silinda huɗu ya tafi gaba ɗaya cikin wadda hudarta ke buɗe. Ita sai ta shaƙe, wuta ta kasa kamawa a cikinta.

Ka ga abin da ke faruwa: silindar da lamba ta nuna ita ce mai tsabtar huda, masu laifin su ne ukun da ba a ambata ba. Shi ya sa ake sauya mata fulogi da nozul, a auna matsinta a same shi daidai, a rasa gane kan abin. Alamarta ita ce lambar mis ta silinda guda, a tafiya mai sauƙi kawai, inji na da zafi, kuma tana ɓacewa da an cire soket ɗin EGR. A gwajin tilasta buɗewa ma injin zai ɗan girgiza, don haka mutum na iya cewa hanya a buɗe take. Ba duka ba ce a buɗe.

A Accord ƙirar 1994 zuwa 1997 akwai faranti a kan manifol, ƙarƙashin layin nozul, wanda idan ka kwance shi za ka ga hudojin da idonka. Ita kuwa V6 ta 1998 zuwa 2002 huda ɗaya ce ke cushewa a manifol na sama, shi ya sa ta fi ba da P0401 maimakon mis na silinda ɗaya.

Idan bawul da hanya duk lafiya

Saura abin da ke ba shi umarni. Bi tiyoyin bakyum ɗaya bayan ɗaya, ka lanƙwasa kowanne ka ga ko ya tsage. Zafinmu yana busar da roba da wuri. Ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet mai zanen hanyar tiyoyin, domin motar da aka taɓa sauke wa inji sau da yawa an juya mata su. Tiyon da aka haɗa kai tsaye da manifol zai sa bawul ya zauna a buɗe a silo.

A Camry ta 1997 zuwa 2001 mai inji 5S-FE, abubuwa uku ne ke aiki tare: bawul, da wani ɗan faifai mai daidaita bakyum da ke zaune kusa da shi, da makunnin lantarki da ake kira VSV wanda aka ɓoye a bayan inji ƙarƙashin manifol, sai ta ƙasan mota ake kai masa hannu. Buɗe murfin faifan ka kakkaɓe ɗan audugar tacewa da ke ciki, ƙurar hunturu na cika shi. VSV kuma ka auna shi da mita, ya kamata ya nuna tsakanin om 30 da 40, ka ba shi wutar batir ka ji ya yi ƙas. Yana iya cin gwajin da sanyi ya faɗi idan ya yi zafi, saboda haka ka maimaita bayan an yi tafiya.

A na lantarki, mai waya zai duba abu uku a soket: wutar batir, bolt 5 na sensa, da layin ƙasa. Wayar da ke mayar da rahoto tana nuna kusan bolt 1 idan bawul na rufe, ta hau a hankali zuwa wajen 4 idan ya buɗe duka. Idan tana tsalle ko tana yankewa a tsakiya, sensar ta cinye.

Salansa ma tana da hannu. Indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, idan ya toshe yana ƙara matsin hayaƙi ya tura shi da yawa ta EGR. Wanda aka fasa aka kwashe kuma yana rage matsin, kuma tsarin da ya dogara da wannan matsi, irin na Camry ɗin nan, yana iya fara ba da P0401. Haka cire tamosta, mai daidaita zafin ruwan inji, da ake yi da sunan maganin zafi: injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai da yawa, yana tara kunkunniya, kuma EGR ɗinsa ba ya buɗewa a kan ƙa'ida.

Wanki

Bari inji ya huce, cire kan batir, ka jiƙa notocin da man kwance tsatsa don suna karyewa. Da ka fito da bawul, juya shi ka zuba ɗan man wankin kafireta a bakinsa yana rufe. Idan ya zurara ta ɗaya ɓangaren, ba ya zama daidai. Kankare gawayin da ƙaramin buroshi da tsinken ƙarfe har sandar ta riƙa motsi ba tare da kamewa ba. Kada man wankin ya taɓa fatar roba ko ya gangara cikin ɓangaren lantarki; riƙe shi kan lantarkin na sama.

Hanyoyin cikin manifol su ne babban aikin. Tsohuwar wayar burkin babur, a warware bakinta kaɗan a ɗaura ta a injin huda, tana bin lanƙwasa tana fasa gawayi. Amma ka toshe ramukan da ke gangarawa silinda da tsumma mai tsabta, ka kuma ƙirga tsummokaran kafin da bayan aiki. Idan cushewar ta yi yawa, gara ka sauke manifol ɗin gaba ɗaya ka wanke shi a ƙasa, kada garin neman gira a rasa ido. Sa sabon gasket. Gam ba ya jure zafin wurin, kuma ɗigon iska a nan zai haifar maka da sabon mis.

Dizal daban yake

A Hilux da Hiace masu inji 1KD ko 2KD, da TDI na Volkswagen, da HDi na Peugeot, babu fulogin wuta balle a zarge shi. Bawul da ya maƙale a buɗe yana zuwa da baƙin hayaƙi, da rashin ƙarfi wajen tashi, wani lokaci da lambar P0299 ta ƙarancin iskar turbo ko P0101 ta sensar iska. Gwajin shi ne kallon adadin iskar da sensar MAF, mai auna iskar da inji ke shaƙa, ke nunawa a silo yayin da kake buɗe bawul da rufe shi da kwamfuta: ya buɗe adadi ya faɗi sosai, ya rufe ya dawo. Idan adadin na ƙasa kuma ba ya motsi, a buɗe ya maƙale. Kunkunniyar dizal tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama kamar kwalta, har ta rage faɗin manifol zuwa rabi, musamman a motar da ke yini a cunkoso ko a silo.

Da yawansu suna da na'urar sanyaya hayaƙin da ruwan lagireto. Idan ta huje, ruwa zai riƙa raguwa ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi na fita. A gwada ta kafin a ce gasket ɗin tof silinda ne a farke inji. Prius ta 2010 zuwa 2015, duk da cewa ta fetur ce, tana da irin wannan na'urar kuma an san ta da cushewa.

Wasu za su ce a toshe shi kawai a huta. A Amurka da ƙasashen Turai doka ta hana, amma ko a ajiye doka, ban ga ribarsa a motar fetur ba. Ƙwaƙwalwar tana tura taimin gaba ne bisa zaton hayaƙi na shigowa; idan babu shi sai ƙarar nan ta tsakuwa ta fara, kuma fistin ne ke biyan kuɗin. Ga fitilar da za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba.

Bayan ka ɗaure komai, yanzu ne za ka goge lambobin. Maimaita gwajin tilasta buɗewa, ka ga inji ya rikice yadda ya kamata. Sannan ka hau titi mai tsawo, inji ya yi zafi sosai, ka riƙe gudun kilomita 70 zuwa 90 na 'yan mintuna, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ka bar ta ta gangara da giya a ciki, don a irin wannan lokacin ne motoci da yawa, ciki har da Honda, suke gwada EGR ɗinsu. P0401 ba ta kunna fitila sai ta ga laifin a tafiya biyu a jere, saboda haka ka kashe motar, ka sake tayarwa, ka maimaita zagayen, ka kuma duba lambobin da ke jiran tabbaci kafin ka miƙa wa mai ita makulli.